Tulin Duwatsun Unguwar Yahudawa

A farkon sarautar Sarki Jatau ɗan Arzika, lokacin da birnin Garazau yake masaukin duk ayarin da ya gangaro daga arewa, akwai wata unguwa a jikin ganuwar gabas da ake kira Unguwar Yahudawa. Kakanninsu sun ƙetaro hamada da raƙumansu tun zamanin da ba mai iya tunawa. Sarkin wancan lokaci ya yanka musu fili, ya kuma ba su amana: su yi sana'arsu, su yi ibadarsu, shi kuwa ya tsare musu jini da dukiya. Maƙeran zinariya ne da azurfa, da marina, da masu magani. Hausa suke yi kamar kowa, har da ta zagin kasuwa. Abin da ya fi raba su da maƙwabta shi ne ba sa hura wuta ranar Asabar, kuma ba sa cin yankan kowa sai nasu.

Bisa al'adar Garazau, riƙon wannan amana yana wuyan Madawaki, shugaban mayaƙa. Mai riƙe da sarautar a lokacin shi ne Madawaki Cindo, dattijo mai ƙarancin magana, wanda ya yi wa mahaifin Sarki yaƙi har furfura ta cika masa gemu. Bai taɓa jin nauyin amanar ba, don a idonsa ba a taɓa neman taɓa ta ba.

Ana gab da faɗuwar damina sai Kurmusawa, abokan gabar Garazau na kudu, suka ƙwace sansanin Tsaunin Maiki da ke tsaron mashigin gulbi. Wanda aka ba riƙon sansanin shi ne Barde Tunau, ɗan 'yar'uwar Waziri Barmo. Ya iso birni da dawakinsa lafiya lau, ba ko ƙwarzane a jikin mutanensa, yana cewa wani ne daga cikin gida ya nuna wa abokan gaba ɓoyayyiyar hanyar hawa tsaunin. Washegari da hantsi, ba iska ba hadari, tsohuwar tsamiyar ƙofar fada ta tuge ta faɗi, ta danne rumfar makaɗa. Kafin azahar Sarki ya sa an tara majalisa.

Waziri Barmo ne ya fara magana. Mutum ne mai taushin murya, ba ya ɗaga kai in yana jawabi.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Masu duba sun duba faɗuwar tsamiyar nan, bakinsu ya zo ɗaya: maƙiyinmu yana cikin ganuwa. Barde ya ce an nuna wa Kurmusawa hanya. To, su wa ke kai da komo tsakaninmu da Kurmusa in ba fataken Unguwar Yahudawa ba? Su wa ke da rubutun da ba mai iya karantawa a cikinmu? Ni ban ce a zalunci kowa ba. Na ce a warware amanar da aka ƙulla, a bar talakawa su share birninsu kafin mu juya wa birnin baya mu tafi yaƙi."

Alƙali Mu'allayiɗi, wanda tsufa ya sa sai an tallafe shi yake miƙewa, ya ce, "Allah ya taimaki Sarki. Tsamiyar nan gara ce ta cinye ta, mun daɗe muna cewa a sare. Amana kuwa ba ta Waziri ba ce, ba tawa ba ce, Sarki ma riƙo aka ba shi. In akwai wanda ake zargi, a kawo mini shi da shaidu. Shari'a ba ta halatta jinin unguwa guda saboda maganar mutum ɗaya ba, balle mutumin da ya baro wurin da aka sa shi tsaro."

Barde Tunau ya zabura, hannu a kan takobi. Sarki ya ɗaga masa hannu, ya koma ya zauna. Sarki Jatau matashi ne, Waziri ne ya tsaya masa ya hau gado a kan yayyensa, kuma kowa a zauren ya san haka. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, sannan ya ce, "Madawaki, ba ka ce komai ba."

Hankalin Cindo yana bakin gulbi. Yana bukatar dawakin mutanen Waziri, ba ya kuma so ya fita da runduna mai rabuwar kai.

"Zaki," in ji shi, "in ruwa ya sauka Kurmusawa suna riƙe da mashigi, sun raba mu da gonakinmu na kudu, bana ba mu da hatsi. Wannan ita ce maganar yau. Yahudawa kuwa amanarsu a wuyana take, ba za a warware ta ina numfashi ba. Amma tunda zukata sun tashi, a rufe ƙofar unguwarsu, a sa dogarai su tsare ta, kada a shiga kada a fita har in dawo. In na dawo, Alƙali ya zauna, kowa ya kawo abin da yake da shi."

"Madawaki ya yi maganar manya," in ji Waziri, tun Cindo bai rufe baki ba. "Barde kuma ya zauna ya riƙe birni, tunda dawakinsa a gajiye suke."

Cindo ya lura da saurin wannan amincewa. Ya ajiye ta a ransa da nufin ya duba daga baya.

Da la'asar ya tafi unguwar da kansa. Mai unguwar, Mahalufu ɗan Sham'unu, tsohon maƙerin azurfa ne, shi ya ƙera kuben takobin da ke rataye a kafaɗar Cindo. Ya tarbe shi a zaure, 'yarsa Mas'uda ta kawo ruwa ta tsaya a bakin ƙofar cikin gida. Mace ce mai 'ya'ya, mijinta marini ne.

"Ranka ya daɗe, labarin majalisa ya riga ka zuwa," in ji Mahalufu. "Jibi ayari zai tashi zuwa arewa. Roƙona ɗaya ne, ka sa a bar mu mu bi shi. In ya yi yawa, a bar mata da yara su tafi, mu maza mu zauna."

"Mai Unguwa, ranar da kuka fita, Waziri zai ce gudu kuka yi saboda kun san abin da kuka shuka. Ni kuma ba ni da bakin kare ku."

"A ce mun gudu, ranka ya daɗe. Kakana ya ba ni labarin garin da suka baro a bayan hamada. Can ma da rufe ƙofa aka fara."

"Can ba Garazau ba ce. Ka taɓa jin na yi magana na saɓa?"

"Ban taɓa ji ba."

"To, ku zauna. Duk wanda zai taɓa ku sai ya fara bi ta kaina."

Mas'uda ta ce daga inda take tsaye, "Ai kanka yana bakin gulbi, ranka ya daɗe."

Mahalufu ya tsawata mata, ya ba da haƙuri a madadinta. Sannan ya ce sun yarda, za su zauna. Da safe Cindo ya ga an ja ƙyauren unguwar, an sa sakata daga waje, dogarai sun zauna a inuwa. Sai ya hau ya fita da runduna ta ƙofar kudu.

Ya tarar da Kurmusawa sun kafa sansani a ƙetaren gulbi, 'yan bakansu sun cika tsaunin. Bai yi gaggawa ba. Ya zauna yana kallon gabas har ranar da ya ga hadari ya haɗu can wajen mafarin ruwa. A ranar ya tura dakaru suka kai hari mashigi, suka yi kamar an fi ƙarfinsu, suka watsar da garkuwoyi suka juya da gudu. Kurmusawa suka ga banza ta faɗi. Baradensu da 'yan lifidinsu suka afka ruwa suna bin su, sauran runduna na biye. Sai da rabinsu suka haye, sannan Cindo ya sa aka busa ƙaho. Dawakin da ya ɓoye a cikin kurmin giginya suka fito ta dama da hagu. Aka gwabza tun hantsi har rana ta karkata. Da Kurmusawa suka juya neman mashigi, sai suka tarar ruwan da aka yi a gabas ya iso, wurin da suka haye a gwiwa ya kai wuyan doki. Masu lifidi nauyinsu ya ja su ƙasa. Waɗanda suka rage a ƙetare suka bar tsaunin suka ja da baya.

Cikin kamammu akwai Kauran Kurmusa, babban jarumin sarkinsu. Cindo ya sa aka kwance shi, aka ba shi ruwa, sannan ya tambaye shi wanda ya nuna musu hanyar hawa Tsaunin Maiki.

Kaura ya yi dariya duk da raunin da ke cinyarsa. "Wace hanya? Ta ƙofa muka shiga, a buɗe muka same ta. Mun tarar da tukunyar tuwo a kan murhu, ko kwashewa ba su tsaya yi ba."

Ana cikin tattara ganima sai ga muhutin Alƙali, wato ɗan aikensa, a kan raƙuma, leɓunansa sun tsage don ƙishi. Ya sauka ya faɗi gaban Madawaki, ya ƙi ɗaga kai.

"Ranka ya daɗe, Alƙali ya ce in faɗa maka da baki, kada in rage komai."

"Faɗi."

Ya faɗa. Ranar Asabar da safe wani mahayi ya shigo ta ƙofar kudu yana kururuwa, wai an murƙushe runduna, an kashe Madawaki, Yahudawa sun sayar da su. Kafin rana ta ɗaga kasuwa ta watse, mutane sun taru a ƙofar unguwar, yaran Barde Tunau a gaba da gatura da bakin wuta. Dogarai suka zare sakata suka bar su suka shiga, sannan suka mayar da ita. Alƙali ya sa an ɗauko shi, ya tsaya a ƙofar yana haɗa mutane da Allah, aka ture shi, rawaninsa ya faɗi aka tattake. An kashe Mahalufu a bakin ɗakin ibadarsu, ya tare ƙofa da jikinsa. Waɗanda suka shige ciki aka cinna musu wuta. Wasu marina Musulmi da ke bayan katanga sun jefa igiya sun janye yara da mata kaɗan, Alƙali ya ɓoye su a gidansa. Ba a daina ba sai da la'asar.

Cindo ya saurara har ƙarshe. Sannan ya tambayi ko Sarki ya fito. Muhuti ya ce an rufe ƙofar fada tun safe, ba a buɗe ba sai washegari.

Da runduna ta doso birni, Sarki ya aiko makaɗa da masu kakaki su tarye ta a ƙofar kudu. Cindo ya karkata linzami, ya bi gefen ganuwa, ya shiga ta ƙofar gabas, mayaƙa na biye da shi ba kiɗa. Unguwar ba ta da sauran rufi. An ciccire ƙyamare, an tone tsakar gidaje ana neman zinariya. Gawarwakin kuwa an ja su an zuba a kududdufin da ke bayan marina, an watsa ƙasa sama-sama. Ungulaye sun cika katanga. Mayaƙan da suka saba ganin gawa suka rufe hanci da rawani, da yawansu suka kasa kallo, don akwai wanda ya gane mai maganin da ya ɗora masa karaya, akwai wanda ya gane matar da ke sayar wa uwarsa shuni.

Aka kawo waɗanda suka tsira daga gidan Alƙali. Ba su cika zaure guda ba. Mas'uda na cikinsu, hannunta ɗaya a naɗe da tsumma. Mijinta da 'ya'yanta suna cikin kududdufin, sai ƙaramar 'yarta kaɗai aka janye ta katanga. Cindo ya sauka daga doki ya tsaya gabanta.

"'Yar Mahalufu, ni na ce ku zauna."

"Kai ka ce."

"Me zan yi?"

"A da ne kake da abin yi, ranka ya daɗe. Yanzu sai haƙa. A fito da su daga cikin ƙazantar nan, a binne su kamar mutane."

Ya cire alkyabba ya karɓi fartanya. Mayaƙa suka ajiye masunsu suka bi shi. Suka haƙa dogon rami a filin da ɗakin ibada yake a da, suka fito da gawarwakin, suka naɗe su da fararen ƙyallayen da aka samu a ganima. Wani tsoho daga cikin waɗanda suka tsira ya tattaro ƙonannun fatun Attaura daga cikin toka, ya ce su ma binne su ake yi, aka sa su tare da mutanen. Ya yi addu'a da harshensu. Mayaƙa suka tsaya nesa kaɗan.

Da aka mayar da ƙasa, Mas'uda ta ɗauko dutse daga rusasshen bangon gidansu ta aza a kai, ta kira sunan mahaifinta. Ta ce haka suke yi, duk wanda ya zo wurin mamaci sai ya ajiye dutse, don a san an zo. Ta ɗauko wani ta kira sunan mijinta. Da hannunta ya gaza, sai Cindo ya riƙa ɗauko mata, tana kiran suna yana azawa. Ta bi unguwar gida gida a kanta, daga ƙofa har jikin ganuwa, in ta manta wani sai sauran su tuna mata. A wani gida ta tsaya, ta ce akwai jaririn da ba a kai ga raɗa masa suna ba. Aka rasa abin kira. Ta ce a aza dutsen haka nan.

Bayan sun gama, mayaƙa suka shiga ɗaukowa su ma, ba wanda ya umarce su. Kafin faɗuwar rana tulin ya fi mahayi tsawo, ana hango shi daga zangon fatake.

Washegari aka kira Madawaki fada. Ya tafi da Kauran Kurmusa. Yana shiga zaure ya ga wata fitilar azurfa mai rassa a gefen karagar Sarki, ya san daga ɗakin ibadar Yahudawa ta fito.

Waziri ya yi masa barka da nasara da dogon jawabi, sannan ya ce, "Abin da ya faru a bayanka, Madawaki, fushin talakawa ne da gobara, Allah ya ƙaddara. Ba wanda ya so. Amma tulin nan da aka yi, kowane baƙo zai tambaya na mene ne, kuma duk amsar da aka ba shi, sunan Sarki za ta taɓa. Shawarata a baje shi, a mayar da wurin kasuwar dabbobi, zukata su huta."

"Zaki," in ji Cindo, "ga Kauran Kurmusa. A tambaye shi yadda aka shiga Tsaunin Maiki. A nemo mahayin da ya kawo labarin mutuwata, a tambaye shi daga bargar wa ya ɗauki doki. A tambayi dogarai wa ya ce su mayar da sakata. An yi alkawari in na dawo Alƙali zai zauna. Na dawo."

"Shaidar abokin gaba a kan ɗan gida?" in ji Waziri. "Kuma in za a kama duk wanda ya shiga unguwar nan, rabin birni za a kama. Wa zai rage wa Sarki?"

Alƙali ba ya nan, yana kwance tun ranar da aka ture shi. Sauran hakimai kowa ya sunkuyar da kai, don ba gidan da wani abu daga unguwar bai shiga ba. Sarki ya daɗe yana murza bakin rigarsa.

"Madawaki, ka ci mana yaƙi, mun gode. Ka baje tulin, a bar maganar."

"Ba zan baje ba, Zaki. Wanda ya zo bajewa kuma zai same ni a wurin."

Waziri ya matsa kusa da karaga ya yi magana ƙasa-ƙasa. Sai Sarki ya ce, ba tare da ya dubi Cindo ba, an sauke shi daga sarautar Madawaki, an ba Barde Tunau. Waziri ya ƙara da cewa tunda dattijo ya fi son zama da matattu, a bar masa tulinsa ya yi gadi, a kira shi Sarkin Kushewa. Wasu suka yi dariya. Cindo ya zare takobin sarauta ya ajiye a gaban karaga, ya yi gaisuwa yadda aka saba, ya fita.

Ya kafa rumfar zana a gefen tulin, nan ya yi damina. Yawancin waɗanda suka tsira sun bi ayarin farko zuwa arewa. Mas'uda ta ƙi tafiya, ta rufe ɗaki ɗaya a kangon gidansu ta zauna da 'yarta da tsofaffin da ba sa iya hawa raƙumi. Kullum tana wucewa ta gaban rumfar, ba ta gaishe shi, shi ma bai nema ba. Mutanen gari kuwa iri-iri ne. Wasu in sun zo wucewa sai su tofar da yawu. Wasu su canza hanya. Wata tsohuwa ta zo da turmin da ɗanta ya kwaso, ta ajiye a ƙofar Mas'uda, ta ɗauki tsakuwa ta aza a tulin, ta tafi. Kauran Kurmusa kuwa Waziri ya sa an sake shi a ɓoye, don kada a sake jin bakinsa a Garazau. Ya koma gida ya ba sarkinsu labarin wanda ke riƙe da rundunar Garazau yanzu.

Da kaka ta yi, ruwan gulbi ya janye, Kurmusawa suka haye ba wanda ya tare su. Tunau ya fita da dawakin Waziri, ya hango yawansu, ya dawo birni kafin a harba kibiya. Da hantsi aka fara ganin hayaƙin ƙauyukan kudu daga kan ganuwa. Aka buga tambarin yaƙi a ƙofar fada, aka sake bugawa. Filin fada ya kasance wayam.

Mayaƙan sun fito, da sulkensu da masunsu, amma Unguwar Yahudawa suka nufa. Suka zazzauna a kangaye kewaye da tulin, suka cika lunguna har bakin ƙofar gabas. Cindo kuwa yana zaune a rumfarsa yana gyaran igiyar guga.

Sai ga Shamaki, babban bawan Sarki, ya ratso su a ƙasa, yana haki.

"Ranka ya daɗe, Sarki ya ce ka zo. Ya ce takobinka yana inda ka ajiye shi."

"Ni Sarkin Kushewa ne, Shamaki. Ba na barin wurin aikina." Ya juya wajen Mas'uda, wadda ta fito bakin ƙofarta jin hayaniya. "'Yar Mahalufu, jinin naku ne. Me za a ce wa Sarki?"

Ta dubi mayaƙan, ta dubi hayaƙin da ke tashi a kudu. "Akwai mata da yara a ƙauyukan can," in ji ta. "Ban ce a bar su ba. Amma kafin a hau, a zo nan a faɗa da baki, a gaban kowa, abin da aka yi da waɗanda suka yi. Kada a sake cewa gobara. Alƙali ya zauna a nan, ba a fada ba." Ta juyo ta dubi Cindo. "Kai ma sunanka yana ciki, ranka ya daɗe."

"Yana ciki," in ji Cindo. "Shamaki, ka ji. Ka faɗa masa yadda ta faɗa."

Shamaki ya koma da gudu. Aka ɗauko Alƙali a kan gadon kara, aka ajiye shi a inuwar rumfa. Rana ta take tsaka, hayaƙin kudu ya ƙara matsowa, har ana jin kukan shanun da 'yan gudun hijira ke korowa ƙofar birni. Wasu mayaƙa suka fara duban juna.

Can sai lungun da ya fito daga fada ya buɗe. Sarki Jatau ne tafe a ƙasa, ba laima, ba makaɗi, yana rungume da takobin Madawaki. A bayansa dogarai sun sa Waziri Barmo da Tunau a tsakiya, kawunansu ba rawani. Sarki ya tsaya gaban tulin, ya ɗaga kai ya dube shi har sama, don bai taɓa ganinsa ba sai yau. Sannan ya juya ya miƙa wa Cindo takobin da hannu biyu.

Cindo ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa. Bai karɓa ba. Ya wuce Sarki, ya je ya durƙusa a gaban Alƙali, kafaɗa da kafaɗa da Waziri.

"Allah ya gafarta malam," in ji shi, "a fara da ni, a yi sauri. Kurmusawa sun kusa."

Alƙali ya sa aka tayar da shi zaune. Ya dubi Sarki, wanda ke tsaye cikin rana da takobi a hannu ba mai karɓa, sannan ya ce a kira mai ƙara. Mas'uda ta saki hannun 'yarta, ta tako gaba.